Ya dace ta koma wa wanda ya ɓoye mata asalinsa?

Anti Babba: Auta, na gama littafin Turancin da kika turo. Ga waɗanda ba su karanta ba, saurayin da ke cikin labarin diragon ne, ƙaton maciji mai fukafukai da ke fesa wuta, yana rikiɗa ya zama mutum. Ranar da budurwar ta ga fatar hannunsa tana komawa ta maciji sai ta tsere. Bayan shekaru suka haɗu, ta koma masa. Ni dai komawar nan ba ta kwanta min ba. Wanda ya ɓoye miki asalinsa ya yaudare ki, ko da ɗan Adam ne.

Auta: Haba Anti! Da ya faɗa mata tun ranar farko, wace mace ce za ta tsaya? Tsoron rasa ta ne ya ɗaure masa baki. Wajen da ta tuna cewa shayi ba ya taɓa hucewa a hannunsa, ta gane ashe alamun suna gabanta tun tuni, wallahi sai da na yi hawaye.

Malam: Ba yau aka fara wannan gardama ba. Mutanen Sin suna da tsohon labarin Farar Macijiya da ta zama mace ta auri wani mutum mai suna Xu Xian. Ranar da ya ga ainihin siffarta ya faɗi matacce don razana, ita ce ta sayar da ranta ta samo ganyen da ya tashe shi. Wani limamin Buda, Fahai, ya raba su, ya kulle ta ƙarƙashin hasumiyar Leifeng a birnin Hangzhou. Hasumiyar ta rushe a 1924, an sake gina ta a 2002. Yawancin masu jin labarin bayan macijiyar suke bi.

Yaya: Allah gafarta Malam, a wajenmu fa ba haka abin yake ƙarewa ba. Kakarmu ta sha ba mu tatsuniyar yarinyar da ta ce sai miji marar tabo, maciji ya zo mata a siffar kyakkyawan saurayi. Da ƙyar ta kuɓuta, kuma ba ta waiwaya ba. Ai shi ya sa iyaye ke bincike kafin a karɓi kuɗin gaisuwa.

Auta: Yaya, wancan cinye ta ya zo yi. Wannan kuwa da ta gudu bai bi ta ba, bai tsorata ta ba, ya zauna yana jira.

Anti Babba: Jiran na yarda da shi, ya taɓa min zuciya. Amma na taɓa ganin ƙawata ta gano bayan ɗaurin aure abin da aka ɓoye mata, na san yadda ta rame. Sau biyu na koma babin haɗuwarsu ina neman inda ya buɗe baki ya ce ta yafe masa, ban gani ba. Ya ce ya yi kewarta, shi ke nan. Auta, in kin ga wajen ki turo min shafin.

Auta: Bari in duba, Anti.