Me dattawan ƙauye suka ce da kuka karanta musu fassarar?

Daga Sabon Tasha: 'Yan'uwa, sannunku da aiki. An saka ni cikin kwamitin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa yarenmu. Iyayenmu da suka riga mu a wannan aiki, wace al'ada ce ta fi ɗaure muku kai?

Dattijon ikilisiya, Narayi: Ɗana, Luka 18:13, inda mai karɓar haraji yake bugun ƙirjinsa. Muka karanta wa tsofaffi a gindin ɗorawa, muka tambaye su wane irin mutum ne wannan. Wani tsoho ya gyara zama ya ce, "Mai cika baki ne, har a gaban Allah!" A wurinmu bugun ƙirji jarumtaka ce, a wurin Yahudawa kuwa nadama. Wasu suka ce a mai da shi ɗora hannu a ka. Na ƙi, domin ba haka mutumin ya yi ba. Muka bar shi yadda yake, muka ƙara "don baƙin cikin zunubinsa".

Mama, Zumuntar Mata, Kakuri: Mu kam Littafin Rut bai ba mu wahala ba. Matan ƙauye sun san gādon mata, tun kafin Bo'aza ya isa ƙofar gari sun gane inda aka dosa. Sai wata gwauruwa ta tambayi fasto me ya sa ikilisiya ta hana. Gumi ya karyo masa.

Ɗalibin tauhidi, ɗan Kafanchan: Baba, Mama, barkanku. A kwalejinmu ta tauhidi da ke Bukuru malamanmu kan ja kunnenmu: yawancinmu da Hausa muka fara jin Bishara, fassarar 1932 wadda Likita Walter Miller na Wusasa ya yi wa hidima, sannan ta 1979, sai mu kwaso tunanin Bahaushe ba mu sani ba. Da aka karanta wa dattawan ƙauye labarin Yakubu da Laban ma, shekara 7 na bauta don aure bai ba kowa mamaki ba, sun saba da noman gonar suruki. Abin da ya tayar musu da hankali shi ne kawu ya cuci ɗan 'yar'uwarsa.

Daga Sabon Tasha: Baba, wa kuke kai wa gwajin, 'yan majami'a?

Dattijon Narayi: A'a. Su wa'azin da suka haddace za su maimaita maka. Nemi tsohuwar da ba ta jin Hausa sosai, ka tafi mata da goro, kada kuma fasto ya zauna kusa.