Wace taya ce za ta iya da lakar Chilterns a lokacin sanyi?

ƊanZazzau_Reading:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar hawan keke a daji a nan Ingila.

A Reading nake zaune. Ranar Asabar in na samu sarari nakan haye kogin Thames ta Caversham, in nausa cikin tuddan Chilterns, wajejen Mapledurham da Goring Heath har Woodcote. Kekena mai shok ne a gaba kawai, babu na baya, wilinsa inci 29, tayoyin da ya zo da su kuma faɗinsu inci 2.6, masu ƙananan haƙora a cushe da juna. Duk tsawon lokacin zafi ban yi kuka da su ba, gudu suke kamar me. Amma tun da Nuwamba ta kama abu ya sauya.

Mafi yawan inda nake bi hanyoyin dawakai ne, tunda su doka ta yarda keke ya bi, ban da na masu tafiya a ƙasa. To dawakan sun tattake su sun zama caɓi. Lakar kuma mai danƙo ce, ta cakuɗe da busasshen ganye, da na shiga sai ta cike tsakanin haƙoran taya, tayar ta koma sumul kamar an yaɓe ta da yumɓun ginin tukunya. Daga nan birki ba ya da amfani, kan keke ma in na juya shi dama keken ya ci gaba da tafiya inda ya ga dama. Wani lokaci lakar ta taru tsakanin tayar baya da ƙarfen keke har wilin ya ƙi juyawa sam, sai na sauka na nemi itace na ƙwaƙule. Ga rana da faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu, rabin lokacin da nake da shi ya tafi wajen ƙwaƙular laka.

Na leƙa shagunan intanet sunaye sun yi mini yawa. Abin da zan iya kashewa bai wuce fam 70 ba, wato taya ɗaya mai kyau ko biyu masu sauƙin kuɗi. Wacce zan saya? Gaba zan fara canjawa ko baya? Kuma in ƙara faɗi ne ko in rage? Nauyina kilo 72, in hakan zai taimaka. Na gode.

MaiFaci_Sheffield:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kyauta da ka faɗi inda kake hawa, domin amsar tana nan. Laka suna ce ta tara. Mu nan Sheffield, a Wharncliffe ko Blacka Moor, lakarmu yashi ce da ruwa, daga dutsen yankin take fitowa. Ba ta manne wa taya sosai, sarƙa da robar birki take ci. Shi ya sa mutane da yawa a nan ba sa canja taya duk shekara. Ku kuwa yumɓu ne a kan alli, abin da ya yi mini aiki ba lallai ya yi maka ba.

Tayoyin laka kusan kashi biyu ne. Akwai masu dogayen haƙora kamar ƙusa, irin su Maxxis Wetscream da Schwalbe Dirty Dan da Continental Hydrotal. Waɗannan na masu tseren gangara ne, waɗanda mota ke kai su saman dutse su sulalo. A cikin taɓo tsantsa ba su da na biyu, amma da ka hau kwalta ko dutse ko saiwa sai haƙoran su riƙa lanƙwashewa, ka ji keken yana rawa a ƙarƙashinka. Kai da za ka tuƙa daga Caversham, kafin ka isa dajin ƙafafunka sun gama aiki. Ka manta da su.

Sai masu matsakaitan haƙora, a wawware, da fili mai yawa tsakaninsu: Maxxis Shorty, Specialized Hillbilly, sai Schwalbe Magic Mary wadda ta fi su karkata ga amfanin kowane lokaci. Filin nan shi ne sirrin. Taya tana juyawa tana watsar da lakar, haƙoran su sake fitowa su huda ƙasa. Taka kuwa ba ta da inda lakar za ta fita.

Da ni ne, kuɗin nan gaba ɗaya a tayar gaba zan zuba, Shorty 2.4 ko Hillbilly. In baya ta zame, ka saki birki ka miƙe abinka. In gaba ta zame, kafin ka ce me ka sha ƙasa.

Baba_na_Oxford:

MaiFaci ya faɗi gaskiya a kan gaba, amma ƙanena ka sake karanta abin da yaron nan ya rubuta. Wilinsa na baya ƙin juyawa yake yi. Ko tayar zinare ya sa a gaba, zai ci gaba da tsayawa yana neman itace.

Na daɗe ina hawa a wannan yanki, daga Watlington zuwa Goring, da kan tsohuwar hanyar nan ta saman tuddai mai suna Ridgeway. Matsalarka ta farko faɗin 2.6 ne. Mutane suna ganin taya mai faɗi ta fi riƙe ƙasa, kuma haka ne a busasshen wuri. A yumɓu kuwa yawo take a saman lakar, ba ta nutsewa ta tarar da ƙasa mai tauri. Sannan ta cinye ɗan filin da ke tsakaninta da ƙarfen keke. Ka juya keken ka sa yatsa tsakanin tayar baya da ƙarfen da ke gefenta, kusa da feda. In yatsanka bai shiga a sake ba, to ka ga inda wahalarka take. Ka sauko 2.3 ko ma 2.25 a baya. A da da tayoyi inci 2 ko ƙasa da haka muke ratsa lakar nan, sirara, suna yanka ta suna wucewa, kuma ba mu mutu ba.

Ba dole ta baya ta zama mai tsada ba. Ka nemi mai haƙora a wawware, masu faɗi a kwance ta yadda za su tunkuɗa ƙasa in kana hawa tudu, da roba mai ɗan tauri don kada kwalta ta cinye ta kafin Maris. A wannan lokaci shaguna suna karya farashin tsofaffin samfura, in ka yi haƙuri ka duba fam 70 ɗinka za su iya ɗauko biyu.

Abu biyu kuma da babu wanda zai gaya maka a shago. Na ɗaya, allin nan. Inda ƙasa ta zaizaye ya fito fili, fari ko ya yi ɗan kore-kore, in ya jiƙe babu tayar da aka ƙera a duniya da za ta riƙe shi. Ka rage gudu tun kafin ka kai, ka saki birki, ka miƙe kan keke, ka wuce da bismillah. Haka saiwoyin manyan bishiyoyin dajin da ke ɓoye a ƙarƙashin ganye: ka hau su a miƙe, kada ka yanke su a karkace. Na biyu, ƙanƙarar dutsen da ke cikin allin, mai kaifi, wadda mutanen zamanin da can suke sassaƙa makami da ita. Tana tsaga gefen taya. Saboda haka kada son rage nauyi ya sa ka ɗauki mai siririn jiki. Kowane kamfani da sunan da yake ba wa kaurin jikin taya: a Maxxis ka nemi aƙalla EXO+, a Schwalbe kuma Super Trail. Masu kaurin da suka fi haka na 'yan gangara ne, kai jan su kawai za ka yi ta yi.

Kuma, ɗana, akwai makonnin da gara ka bar wa dawakai hanyarsu. Bayan ruwa ya kwana uku yana zuba ni ba na shiga yumɓu. Kana da dajin Swinley kusa da Bracknell, ba nisa daga Reading, ƙasarsa yashi ce kuma an gina hanyoyin keke musamman, ruwa yana tsanewa da wuri. Can ko da tayoyinka na yanzu za ka sha hawa. Hanyoyin ma sun huta da ramukan da muke bari.

Hajjo_Cardiff:

Sannunku. Ni zan ƙara maganar iska, don ban ga wanda ya taɓo ta ba, kuma kyauta ce. Malam, nawa kake hurawa? Yawancin sababbin shiga suna cika taya ta yi tauri kamar ta keken titi, psi 35 ko 40 a ma'aunin iska. Haka ba za ta kwanta a kan saiwa ba, tsalle za ta yi ta zame. A nauyinka, in tubles ne, wato taya marar tif a ciki, ka gwada 20 a gaba, 23 a baya, ka riƙa ƙarawa ko ragewa da ɗaya-ɗaya. In ka ji wili yana dukan dutse ko taya tana lanƙwashewa a kwana, ka yi ƙasa da yawa. In da tif a ciki sai ka ƙara kaɗan, don kada wilin ya matse shi ya huda biyu. Ka sayi ɗan ma'aunin iska na hannu, na jikin famfo ba ya nuna daidai a ƙananan lambobi.

In ba ka koma tubles ba tukuna, yanzu ne lokaci tunda za ka cire tayoyin. A lokacin sanyi manoma suke aske shingayen gonaki, ƙaya ta cika hanya. Ruwan facin da ake zubawa a ciki yana toshe hudar kana tafe. Wanda ya taɓa cire tif da daskararrun yatsu cikin laka ba sai an roƙe shi ba.

Game da roba: a gaba mai laushi ta fi kama jiƙaƙƙen dutse da saiwa. A Schwalbe ka duba layin da ke jikin taya, ruwan lemo shi ne Soft, shunayya kuma Ultra Soft. A Maxxis MaxxTerra ce matsakaiciya, MaxxGrip ta fi laushi. Ni a nan kudancin Wales, da duwatsunmu da gangarenmu, mafi laushin nake sawa. Kai da kake da tafiyar kwalta kafin ka isa, matsakaiciyar ta ishe ka. Ka kuma sani in sanyi ya kusa kai sifili roba takan ƙage, laushin da ka biya kuɗi dominsa ya ragu.

Madigadi na gaba ma yana da kyau don idanunka, amma a yumɓu ka bar masa tazara sosai daga taya, in ba haka ba ka ƙara wa lakar wurin taruwa ne.

Sarkin_Zolaya:

Ikon Allah. Mu a Kano damina na sauka muna neman inda babu taɓo mu raɓa, ku kuma kun ƙetare teku kuna biyan fam 70 don ku shiga cikinsa da gangan. Allah ya ba da lada. A gaishe da dawakan.

ƊanZazzau_Reading:

Sarkin zolaya, ka zo ka yi Disamba ɗaya a nan, ɗaki da duhu tun la'asar, za ka nemi taɓon da kanka.

Na gode ƙwarai jama'a. Baba, na yi gwajin yatsan, da ƙyar ɗan ƙaramin ya shiga. Hajiya, tif ne a ciki, iska kuma 32 na tarar. Na duba jikin wilin an rubuta yana karɓar tubles, faɗinsa na ciki milimita 30. Abin da na tsayar: siririya mai araha a baya yanzu, in kuɗin wata ya shigo in sa Shorty ko Hillbilly a gaba. Tambayata ta ƙarshe, 2.3 ba ta yi wa wili mai milimita 30 ƙanƙanta ba? Kuma ruwan facin nawa ake zubawa?

MaiFaci_Sheffield:

Tunda yatsa bai shiga ba, na bi bayan Baba, fara da bayan. 2.3 za ta zauna a kan milimita 30, sai dai za ta ɗan baje, samanta ya yi faɗi, haƙoran gefe su riƙa taɓa ƙasa da wuri. A baya wannan ba abin damuwa ba ne. Ƙasa da 2.25 ne ba zan ba ka shawara ba a wannan wilin. Ta gaba kuwa, in Maxxis ce ka duba wadda aka rubuta WT a jikinta, don wili mai faɗi irin naka aka yi ta.

Ruwan faci mililita 100 zuwa 120 a kowace taya ya isa ga 29. Yana bushewa a hankali, ka riƙa dubawa bayan 'yan watanni. Za ka buƙaci tef na wili da bawul na tubles guda biyu, ka sa su cikin lissafi. Ka shigo da tayar ɗaki ta kwana kusa da hita kafin ka ɗaura, mai sanyi taurin kai gare ta, sannan ka shafa ruwan sabulu a bakinta. Ka lura da kibiyar da ke gefe mai nuna inda za ta juya. In famfon hannu ya kasa tayar da ita, ka cire ƙwayar bawul ɗin ka sake hurawa da sauri, iska ta fi shiga. Tsofaffin 2.6 ɗin kuma ka wanke su ka rataye inda rana ba ta duka, wajen Afrilu in ƙasa ta bushe za ka neme su.