Neman shawara: in sayo faifan Magnum na asali ko in je wajen masu turi?

Ummu Sadiq: Assalamu alaikum. Babanmu ne ke kwance tun da aka yi masa aikin ƙugu, kullum zancensa Magnum, shirin da ya riƙa kallo lokacin yana karatu a Amurka. Mai gashin bakin nan da jar Ferrari a Hawaii. Akwai kashi ɗaya da ya nace sai ya sake gani, wanda kwalekwalensa ya kife, ya wuni yana iyo a teku yana tuna mahaifinsa. Ƙanina da ke Landan ya ce zai sayo cikakken saitin faifan. Talabijin ɗin Baba tsoho ne, ba ya cin filashi, DVD kawai gare mu. In ce ya sayo?

Ɗan Fagge: Hajiya ki kai filashi wajen masu turi, dubu ɗaya an gama.

Malam Tsoho: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Kashin da yake nufi shi ne "Home from the Sea", farkon zango na huɗu, 1983. Ranar 4 ga Yuli ce Magnum ke keɓewa shi kaɗai saboda mahaifinsa da ya rasu a yaƙin Koriya, shi ya koya masa jure iyo yana duba agogo. Shirin zango takwas ne, daga 1980 zuwa 1988. Amma ki kula, faifan Ingila lambar yankinsa 2, na Amurka 1. Wata na'urar tana ƙin wanda ba nata ba.

Abu Zarah: Masu turi? Ni kam na tuba. Bara na kai hadis ɗina, wato hard disk na ajiyar finafinai da hotuna, na ce Magnum na Tom Selleck, har hotonsa na nuna wa yaron. Ya ce kwana biyu, dubu takwas. Na biya lakadan. Na je gida na tara yara ina cika baki zan nuna musu shirin zamaninmu, sai ga wani saurayi ba gashin baki, Higgins kuma, dattijon nan mai kula da gidan da Magnum ke zaune, ya koma mace! Ashe sabon na 2018 ya loda min. Na koma, ya ce ai Magnum na ce, Magnum ya ba ni. Kuɗin bai dawo ba. Abin da ya fi ci min rai, hotunan auren 'yata da ke ciki ya goge don ya samu wuri.

Ɗan Fagge: Dubu takwas? An yi maka sakiyar da ba ruwa. Mu nan naira ɗari ake tura kashi ɗaya.

Maman Hanif: Wane ɗari? A unguwarmu ɗari uku ne, in tsohon shiri ne ma sai ka ƙara kuɗin data.

Sani Mai Turi: Shekara tara ina wannan sana'a. Baba Abu ka yi haƙuri, amma wanda ya kawo hadis bai kwafe kayansa ba shi ya so. Hajiya kawo filashi, zan nemo miki.

Malam Tsoho: Kai yaro, ta ce ba ya cin filashi. Kuma ana haska shirin nan ba a haife ka ba.

Sani Mai Turi: Malam kai ka kalla, ni nake sayarwa. Wa ya fi sanin kasuwa?

Bala Dariya: Ni dai tambayata, karnukan Higgins biyun nan, Zeus da Apollo, suna cikin saitin ko daban ake biyan nasu? 😂

Abu Zarah: "Shi ya so" ka ce? Hotuna sama da ɗari huɗu! Har yau uwargida ba ta daina yi min gori ba.

Maman Hanif: Wallahi ni ma wayata na kai a sa min wa'azi, ta dawo tana buɗe tallace-tallace da kanta. Sai da aka wanke ta gaba ɗaya, lambobina duk suka tafi. Ya kamata ƙungiyarsu ta sa musu doka.

Sani Mai Turi: Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, Hajiya.

Ummu Sadiq: Na gode muku. Malam Tsoho, a ina ake ganin lambar yankin a jikin DVD ɗin? Ƙanina jibi zai taso.

Ɗan Fagge: Ki ce ya taho da sabon talabijin kawai.