Tsohuwar wuƙar maɓalli ko ƙirar maƙeri?

Masu tara wuƙaƙe a Aboabo, Kumasi, sun tattauna kan wuƙar da ake danna maɓalli ta buɗe. Yawancinsu sun fi son tsohuwa, musamman ta garin Maniago a Italiya, wadda aka ƙera kafin 1958, shekarar da Amurka ta hana shigo da irinta. Ingila ta bi sahu a 1959.

Wani dattijo ya ce a fara duba tambarin da ke gindin ruwan wuƙar, don jabu sun yi yawa. Sai mariƙin: ƙahon gaske ne ko roba? Sifirin ɗin da ke buɗe ta na asali ne? Ya ja kunnen matasa da "'Ya'yana, kada ku goge ta har ta yi ƙyalli." Ni ma na yarda da shi, gogewa da yawan wasawa suna karya farashi fiye da ɗan tsatsa.

Ita kuwa sabuwa, ƙirar hannun maƙeri, darajarta na ga sunan maƙerin da takardar shaidarsa. Ta fi ƙarko, amma idan ba a san shi ba, da wuya ta dawo da kuɗinta. Kuma a tambayi kwastam kafin a yi oda daga waje.