Gam ɗin tayil na jikin murhu: wane suna za mu tsayar?

Mai tayil: Assalamu alaikum. Akwai abin da ake liƙa tayil da dutse da shi a jikin murhu, ko gaban tandar burodi, ko murhun jin ɗumi irin na gidajen Turai. A kasuwa kowa da nasa sunan, wani ya ce gam ɗin wuta, wani simintin murhu. Don Allah mu tsayar da guda.

Malama: Wa alaikumus salam. Me zai hana "dankon murhu"? Kalmar danko tamu ce, kuma gajera.

Injiniya: Malama, danko da ya ji zafi narkewa yake yi, sunan zai faɗi akasin aikin. Babbar matsalar ma ita ce abu biyu ake kira da suna ɗaya. Na farko na wajen murhu ne, inda zafi ke ratsowa amma harshen wuta ba ya taɓawa. Garin siminti ne da aka gauraya da sinadarin roba don ya riƙa ɗan miƙewa. A jikin buhu a nemi alamar C2 (mai ƙarfin riƙo) da S1 (mai ɗan miƙewa), a kuma karanta digirin da kamfani ya ce yana ɗauka. Na biyu na cikin ramin wuta ne, wanda ake ɗaure bulon wuta da shi, yana ɗaukar digiri 1,000 na ma'aunin Celsius har sama. Simintin gini na yau da kullum daga digiri 300 ƙarfinsa yake raguwa, kafin ya kai 600 ya tsattsage. Wanda ya sa na farko a gurbin na biyu, aikin zubewa zai yi.

Magini: Haka ne Injiniya. Kuma ko gam ɗin na kirki ne, liƙin ɗigo biyar ke kashe aiki: a sa a kusurwa huɗu da tsakiya, a bar rami a baya. Danshi ya maƙale a ramin, wuta ta mai da shi tururi, sai ka ji tayil ya yi ƙara ya ɓamɓaro. A shafa da cokali mai haƙora, milimita 8 ko 10, a shafa wa bayan tayil ɗin ma, a danna kafin gam ya yi fata, wajen minti 20 ke nan, da zafin bazara bai kai haka ba. Inda tayil ya haɗu da ƙarfen ƙofa a bar tazarar milimita 5, domin ƙarfe ya fi tayil buɗewa in ya ɗau zafi. Gam ɗin da ake sayarwa a kwaɓe cikin bokiti kuwa kada ya kusanci murhu, laushi yake yi. Sannan a jira kwanakin da aka rubuta a buhu, a fara da ƙaramar wuta.

Malama: To ai harshen ya riga ya raba mana: zafi daban, wuta daban. Na janye danko. Na waje "gam mai jure zafi", na ciki "simintin wuta".

Mai tayil: Na karɓa, Malama, sai dai na farkon ya yi tsawo a bakin lebura. A wurin aiki "gam ɗin murhu" za a ce.

Injiniya: Ba laifi a faɗe shi haka, Oga, amma a takardar kiyasin kaya a rubuta cikakken, kada mai shago ya miƙo na ciki a madadin na waje. "Gam ɗin wuta" dai a bar shi gaba ɗaya, shi ke haɗa biyun.