Neman shawara: ɗalibata ta tambaye ni dalilin da teku ke ƙara zurfi idan an nisanci tudun tsakiyarsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamar jogirafi ce a babbar sakandare. Jiya na zana wa 'yan aji biyu siffar ƙasan Tekun Atilantika, na nuna musu dogon tudun da ya ratsa tsakiyarsa daga arewa zuwa kudu. Na ce a saman tudun zurfin ruwa bai wuce kamar mita 2,500 ba, amma in an yi nisa da shi gabas ko yamma sai ya kai mita 5,000 zuwa 6,000. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malama, kin ce a tudun ake haifar sabon dutse ya matsa gefe. Tunda dutse ɗaya ne, me ya sa yake nutsewa?" Na ce ta ba ni zuwa Litinin. Ba na son in ba ta amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba. Don Allah masu sani ku taimaka, da misalin da yara za su gane.

Wani memba:
Wa alaikumus salam Malama. Ina ganin aman wuta ne ke tara dutse a tsakiya har ya yi tudu, daga baya ruwa ya riƙa zaizaye shi.

Malamin jiyoloji:
Ɗan uwa, da yawa haka suke zato, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Kaurin ɓawon ƙasan teku kusan ɗaya ne, kilomita 6 zuwa 7, a kan tudun da nesa da shi. Zaizaya kuma ba ta da ƙarfi a wannan zurfin, laka ma ƙara taruwa take yi a kan tsohon dutse.

Malama, maganar ta zafi da sanyi ce. A tsakiyar tudun faranti biyu na ƙasa, wato manyan ɓangarorin dutsen da ya lulluɓe duniya, suna rabuwa, dutse mai zafin da ya kai wajen digiri 1,300 yana tasowa daga ciki. Abu mai zafi a kumbure yake, don haka ya fi sauƙin nauyi, sai ya tsaya a sama. Da ya matsa gefe ruwan teku na zuƙe zafinsa, yana hucewa daga sama zuwa ƙasa, yana tsukewa. Ɓangaren da ya sandare, wato ɓawon tare da dutsen da ya huce a ƙarƙashinsa, yana ta ƙara kauri, har ya kai wajen kilomita 100 a tsohon wuri. Tsukewar kashi 2 cikin 100 kaɗai a irin wannan kauri ta kai kilomita 2. Sannan ruwan da ya cike gurbin shi ma nauyi ne, yana ƙara danna farantin cikin dutsen ƙarƙashi, wanda yake motsi a hankali kamar ƙullu. Da haka ake samun bambancin kilomita 3 ɗin da kika zana.

Har lissafi akwai. A 1977 masanan jiyoloji Barry Parsons da John Sclater suka nuna cewa zurfin a mita ya kusa daidai da 2,500 a haɗa da 350 sau sukwaya rut ɗin shekarun dutsen, a miliyoyi. Ki ba yaran lambobi masu sauƙi: dutse mai shekara miliyan 16, rut ɗinsa 4, zurfi mita 3,900. Mai miliyan 64, rut 8, zurfi 5,300. Za su ga da idonsu cewa shekaru sun ninka huɗu amma nutsewar biyu kawai ta ninka. Bayan kamar shekara miliyan 70 zuwa 80 lissafin ya fara kaucewa, ƙasan ba ta nutsewa kamar yadda ya ce, kuma har yau masana na muhawara kan dalilin.

Wata memba:
Malam, to ramin Mariyana na Tekun Fasifik mai zurfin kusan mita 11,000 fa? Shi ma sanyin ne?

Malamin jiyoloji:
A'a Hajiya, can faranti ɗaya ne ke lanƙwashewa yana shigewa ƙarƙashin ɗan uwansa. Sai dai da dangantaka: dutsen da ke shigewar yana cikin mafi tsufa a tekunan duniya, ya haura shekara miliyan 150, ya yi sanyi ya yi nauyi.

Tsohon malamin firamare:
'Yata, ni misali zan ba ki. Ki tuna musu tuwo in an kwashe: da zafinsa a cike yake, in ya kwana sai ya yi ɓawo ya ja jiki. Ga kuma kwalekwale, ana ƙara masa kaya yana ƙara shiga ruwa. Ki haɗa biyun. Abin da nake so ki kiyaye shi ne kada su tafi da cewa nisa ne ke kawo zurfi. Shekaru ne. A Atilantika farantan na rabuwa santimita 2 zuwa 5 a shekara, shi ya sa gangaren tudun yake a tsaye. A gabashin Fasifik rabuwar na kaiwa santimita 15, dutsen kan yi nisa tun bai huce ba, sai tudun ya yi faɗi da kwantaccen gangare.

Malamin jiyoloji:
Baba ya kawo magana mai kyau. Ki kuma nuna musu a taswira yadda gaɓar Barazil ke shiga lungun Tekun Gini na Yammacin Afirka. Sama da shekara miliyan 100 da suka wuce Afirka da Kudancin Amurka suka rabu, kuma Kwarin Binuwai reshe ne na wannan tsagewar da bai kai ga zama teku ba. Ke nan dutsen ƙasan tekun da ke daura da gaɓar Najeriya yana cikin mafi tsufa a kudancin Atilantika, sai dai lakar da Kogin Neja ke zubarwa ta binne shi.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri, Malam, Baba na gode. Zan fara da tuwon, in bi da lissafin 16 da 64, kuma ita yarinyar zan kira ta fito allo ta yi shi. Abu ɗaya ya rage min: ƙasar Aisland da ke kan tudun amma ta fito saman ruwa, ita ma zafin ne?

Malamin jiyoloji:
Zafin ne, amma da ƙari. Ƙarƙashinta narkakken dutse ya fi yawa, ɓawon ya ninka na sauran teku kauri sau uku ko fiye. Ki ajiye ta sai darasi na gaba, kada ta rikita su ranar Litinin.