Shawarwarin da na kwaso kan saka Hamlet a dandali

Jiya mun sha muhawara kan yadda za a saka wasan kwaikwayon Hamlet na Shakespeare a dandali har mutanen yanzu su zauna su gani ƙarshe. Kusan kowa cewa yayi a datse shi, don cikakkensa yana cin wajen awa 4, wa zai jure? Wasu sunce a cire Fortinbras, yariman Norway a cikin wasan, gaba ɗaya, ni dai raina bai so ba amma na gane. Fatalwar uban Hamlet kuwa kar a yafa wa mutum farin zani, wlh dariya za a yi, murya da ɗan hasken fitila sun isa. Faɗan takobin Hamlet da Laertes, wanda Hamlet ya kashe wa uba, kuma a fara atisaye da wuri kar a tsone wa wani ido.